Larabar Safe

Kofi na goma sha bakwai Yamin take zubawa a kan ɗan gunkin giwa mai haure sa'ad da aka fizgi hannunta ta baya, ruwan ya watse a gaban rigarta.

"Matsa daga nan!"

Ta juya a firgice. Daw Ohn Kyi ce, mahaifiyar saurayinta Sithu, wadda take kira Amay, wato uwa, tsaye tana huci, furannin da ta kawo haikali duk sun murƙushe a hannunta.

"Amay... lafiya? Me na yi?"

"Kul! Kada bakinki ya ƙara kira na Amay. Ni ban haifi 'yar Rahu ba, ɗana ma ba zai auri 'yar Rahu ba!"

Baƙi shida Yamin ta kawo yawon buɗe ido a safiyar nan. Suna gefe ba takalmi, dutsen daɓe yana gasa musu tafin ƙafa, sun saki baki suna kallon jagorarsu da aka riƙe wa hannu kamar an kama ɓarauniya.

A nan Bagan kwana takwas muke da shi a mako. Laraba ce muka raba biyu: daga safe zuwa tsakar rana ta giwa mai haure ce, daga tsakar rana zuwa dare kuma Rahu ce, ta giwa marar haure. Kowa da kusurwar ranar haihuwarsa a haikali, can yake zuba ruwa ya roƙi alheri. Kuma ko yarinyar da ba ta iya ɗaura zani ba ta san abin da tsofaffi suke faɗa, cewa ɗan Talata ba ya auren 'yar Rahu, in an yi taurin kai ɗayansu ba ya tsufa.

Sithu kuwa ɗan Talata ne.

"Da safe aka haife ni," Yamin ta ce. "Tun ina 'yar mitsitsiya a nan nake zuba ruwa..."

"To ƙarya kike zuba wa ruwa! Je ki tambayi gwaggonki. 'Yarta Marlar ce ta kai ni har gabanta, da bakinta ta faɗa min. Ga wurinki can!"

Ta nuna mata kusurwar giwa marar haure, ta saki hannunta ta wuce.

Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta tambaya ko wannan ma cikin ibadar ne. Yamin ta haɗiye kuka ta yi murmushi ta ce e, haka ne. Sannan ta ci gaba da yi musu bayanin sarkin da ya gina hasumiyar, ba tare da ta ji kalma ɗaya daga abin da bakinta yake faɗa ba.

*

Yamin tana da shekara biyu mahaifiyarta ta rasu. Mahaifinta ya tafi arewa haƙar duwatsu masu daraja, shiru kake ji har yau. Ƙanwarsa Daw Tin Hla ce ta riƙe ta tare da 'yarta Marlar, a gidansu na masu zanen ƙwarya da akushi. Ba a taɓa barin ta da yunwa ba, wannan gaskiya ne. Amma cinyar kaza ba ta taɓa yin kuskuren faɗawa kwanonta ba.

Da ta koma gida ta tarar da gwaggon a zaune tana zana fure a jikin akushi da tsinken ƙarfe.

"Gwaggo, wai da gaske ne?"

Daw Tin Hla ba ta ɗago ba.

"Rana ta riga ta karkata. Inuwar giginyar ƙofar gida ta juya gabas sannan kika yi kukan farko. Ina wurin."

"Ina ganyen giginyar da aka rubuta lokacin haihuwata a kai?"

"Gara ta cinye shi tun kina rarrafe, ke ma kin sani."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba? Shekara ashirin da uku, Gwaggo!"

"Uwarki ce ta roƙe ni in rufe. Na rufe. Amma yanzu ran ɗan mutane ne a ciki, ba zan ɗauki alhaki ba."

Marlar tana tsakar gida tana niƙa itacen kwalliya, thanaka, a kan dutse, tana shafawa a kumatu, tana duba madubi.

"Ayya Yaya, ki yi haƙuri," ta ce cikin siririyar murya. "Ni fa tausayinsa na ji. Da ni ce ke, ba zan iya kashe wanda nake so ba."

Marlar 'yar Alhamis ce. Alhamis da Talata kuwa, a lissafin tsofaffi, kamar shinkafa da miya suke. Duk unguwar ta san idon Marlar yana kan Sithu tun ranar da ya fara tsayar da keken dokinsa a ƙofar gidan. Yamin ma ta sani. Amma gwaggonta ce ta yi magana, matar da ta goya ta, kuma ba ta taɓa kama ta da ƙarya ba.

*

Da la'asar Yamin ta sami Sithu a gindin tsamiyar da masu keken doki suke jiran baƙi. Yana goge wa goɗiyarsa Padauk wuya, ya tattare zaninsa zuwa gwiwa. Shekara uku suna aiki tare, shi yana tuƙi ita tana bayani, kuma a cikin hasumiyoyi dubu biyu na filin nan babu wadda bai san hanyar bayanta ba.

Yana ganin idonta ya ajiye tsumman. Nyima yake kiranta, wato ƙanwa, ita kuma ta ce masa Maung, kiran da mace take yi wa masoyinta.

"Nyima, wa ya taɓa min ke?"

"Maung... ba ka ji ba?"

"Na ji. Tun rana Amay take min wa'azi, har abincina ya huce." Ya tuntsire da dariya. "To in giwarki ba ta da haure ai ni na huta, ba za ki soke ni ba in na makara a shagon shayi."

"Ba abin dariya ba ne!"

"Haba ƙanwata, hasken idona. Dube ni."

Ta ƙi ɗagowa.

"Dube ni mana."

Ta ɗago, hawaye ya wanke thanakar kumatunta ya bar layi biyu.

"Gwaggonki ce kaɗai ta ga haihuwarki? Ba ungozoma?"

"Akwai... Daw Sein Pu. An ce ta koma wurin 'yarta a ƙetaren kogi tun da daɗewa."

"Shi ke nan! Gobe mu shiga kwalekwale mu je mu tambaye ta. Kafin a sauke tukunyar rana mun dawo."

Yamin ta ja da baya.

"In ta ce da yamma ne fa?"

"Sai in aure ki, mu saki kifi ɗari a kogi, mu shuka bishiya, duk abin da masu duba suka ce a yi don kawar da sharri mu yi. Ni ke nake so, ba giwa ba."

"Amay ba za ta yarda ba."

"Amay za ta yi fushi wata uku, ta ga jika ta manta."

"A bari baƙi su ragu tukuna. Yanzu aiki ya yi yawa..."

"Nyima."

"Na ce a bari, Maung! Ina roƙonka."

Ba aiki ba ne, tsoro ne. Muddin ba ta tambaya ba, tana da sauran inda za ta rataya zuciyarta. In tsohuwar ta buɗi baki ta ce yamma, komai ya ƙare. Haka ta riƙa ɗaga ranar, gobe, jibi, bayan cikar wata, shi kuma don yana son ta ya biye mata. Ni da a ce ina wurin, da na ja kunnenta har bakin kogi.

*

Kwana tara bayan nan suka ɗauki wasu baƙi biyu, mata da miji, kallon fitowar rana. Balan-balan ɗin nan manya masu ɗaukar baƙi sama sun cika sararin samaniya. Ɗaya ta sauko ƙasa-ƙasa daidai kansu, mai tuƙa ta ya saki wuta da ƙara.

Padauk ta zabura.

"Riƙe da kyau!" Sithu ya yi ihu.

Keken ya bar hanya ya hau tarin tsofaffin tubala ya kife. Baƙin suka tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Yamin ko ƙwarzane ba ta samu ba. Sithu ne ƙafar keken ta danne, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

A ƙofar ɗakin asibiti Daw Ohn Kyi ta tare ta da ƙirji.

"Kin gani? Kin gani da idonki?"

"Doki ne ya firgita..."

"Shekara goma yana tuƙi bai taɓa faɗuwa ba! Yau ƙafa ce. Me kike jira? Wuyansa?"

Ta tsakanin ƙofa Yamin ta hango Marlar zaune a bakin gado tana fifita romon kaza da cokali.

"In har son gaskiya kike masa," tsohuwar ta sassauta murya, hawaye na zubo mata, "ki bar min shi da rai. Shi kaɗai gare ni."

Zagin bai karya Yamin ba. Wannan roƙon ne ya karya ta.

Kwana uku tana kwance ba ci ba sha. A rana ta huɗu ta yi wanka, ta gyara gashi, ta je asibiti ta shiga ɗakinsa daidai lokacin da babu kowa.

Fuskarsa ta washe.

"Ga giwata! Ina kika shiga? Na ɗauka kin gudu da wani mai mota."

"Na samu aiki a Mandalay."

Dariyarsa ta tsaya.

"Ban gane ba."

"Kamfanin yawon buɗe ido ne, babba. Jibi zan tafi."

"Nyima, in maganar Rahu ce..."

"Ba ita ba ce."

"Ƙarya kike! Dube ni ki faɗa."

Ta dube shi. Ba ta san inda ta samo ƙarfin ba.

"Na gaji da warin doki, Sithu. Na yi karatu, ina jin harsuna biyu. Ba zan ƙare rayuwata a bayan goɗiya ba."

Tun da suka fara soyayya ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ta ga yadda abin ya shige shi, ya fi karayar zafi.

"Ki ba ni wata biyu," ya ce a hankali. "In na taka, da kaina zan..."

"Kada ka neme ni."

"Yamin! Yamin, tsaya mana! Wayyo ƙafata... tsaya!"

Ba ta waiwaya ba. Sai da ta kai bayan asibitin ta durƙusa gindin wata bishiya ta toshe baki da gefen zani. A ranta tana cewa ta ceci ransa, kuma wata rana zai gode mata.

*

Ta canza lambar waya, ta kama ɗaki a Mandalay, ta nutse cikin aiki.

Wata biyu da 'yan kwanaki, tana ofis a bene na biyu, dattijon da ke gadin ƙofa ya hawo.

"'Yata, kina da baƙo daga Bagan. Da sanduna biyu yake tafiya. Ya ce magana ɗaya tak zai faɗa miki ya juya."

Ta leƙa ta taga.

Shi ne. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ya sa farar rigarsa ta zuwa biki. Sai ɗaga kai yake yana duba tagogi, fuskarsa cike da wani irin murna da ta kasa fassarawa.

Ƙafafunta suka fara tafiya da kansu, har ta kai bakin matakala. Sai ta tuna muryar uwarsa. Ta san in ta tsaya gabansa ya ce Nyima sau ɗaya, ta gama.

"Baba, ka ce masa na yi aure."

"Aure kuma? Haba 'yata, yaron nan daga ganinsa..."

"Ka ce mijina ba ya son baƙi. In ya ba ka takarda kada ka karɓa."

Dattijon ya girgiza kai ya sauka.

Ta laɓe bayan labule tana kallo. Ta ga lokacin da aka faɗa masa. Bai yi gardama ba. Ya ciro wata 'yar takarda ya miƙa, dattijon ya ɓoye hannuwansa a baya. Ya daɗe tsaye cikin rana, masu babur suna kauce masa, sannan ya gyara sandunansa ya juya.

Bayan shekara guda labari ya iso mata an ɗaura aurensa da Marlar, da zarar watannin damina da ba a aure a cikinsu sun wuce. Ta aika da bargo mai kyau da gaisuwa. Daga nan kowace Laraba da yamma takan je haikali ta zuba ruwa a kan giwa marar haure, ta roƙa masa tsawon rai. Manema sun zo, har da wani likita mai kirki, ta ce da su duka su yi haƙuri.

*

Shekara huɗu ba ta taka Bagan ba. Duk lokacin da aka samu baƙin can sai ta yi musanya da abokiyar aiki. Wannan karon abokiyar tana jego, dole ta kwashi wasu mata goma daga Yangon, 'yan kasuwa masu ƙiba da surutu, da suka zo ziyarar hasumiyoyi huɗu. In mutum ya zagaye su huɗun kafin tsakar rana, an ce buƙatarsa takan biya. Ɗaya daga cikin hasumiyoyin a kan tudu take, a ƙetaren kogi.

Da sassafe suka tsallaka. Matan suka shige ciki da kyandir da furanni, Yamin ta tsaya a bakin matakala tana gadin takalma.

"Ke 'yar nan! Zo nan."

Wata tsohuwa ce tukuf a zaune kan tabarma, da faifan alewar tsamiya a gabanta, bakinta jajir da ganyen taunawa.

"Matso in gan ki. Kai! Wannan goshin ai na Saw Nyunt ne. Ke ba 'yarta ba ce, ta gidan masu zanen akushi?"

Yamin ta matsa kusa da ita.

"Ni ce, Kaka. Kin san mahaifiyata?"

"Ji min yarinya! Hannun nan ne ya jawo ki duniya. Ni ce Sein Pu. Kin ba uwarki wahala, tun asuba take naƙuda."

Yamin ta durƙusa. Tambayar da ta gudu daga gare ta shekara huɗu ta fito da kanta.

"Kaka... da yamma aka haife ni, ko?"

"Wace yamma? Wa ya ce?"

"Gwaggo ta ce rana ta karkata."

Tsohuwar ta tofar da jan yawu a gwangwani.

"Tin Hla? Ita da take kasuwar Nyaung-U ranar, sai da aka yi miki wanka ta dawo! Saurara ki ji. Ranar nan gidanku ne da kai abinci gidan sufaye. Uwarki tana kwance, ba mai kaiwa. Na yanke miki cibiya, na wanke hannu, na ɗauki kwanukan a kai na tafi da ƙafa. Suka karɓa, suka ci, har babbansu ya yaba miyar wake. To faɗa min, tun da uwarki ta haife ki kin taɓa ganin sufi ya sa loma a baki bayan tsakar rana?"

Ba ta taɓa gani ba. Babu wanda ya taɓa gani.

"Larabar safe ce ke, 'yata, giwa da haurenta biyu cur."

Yamin ta dafa ƙasa da hannu biyu don tudun ya fara juya mata.

"Af, ai na ɗauka kin sani," tsohuwar ta ci gaba tana korar ƙuda daga faifai. "Shekarun baya wani saurayi ya zo da sanduna biyu. Matakalar nan ɗaya bayan ɗaya ya hawo ta, gumi kamar an tsamo shi a kogi. Wannan tambayar ya yi min. Da na faɗa masa sai ga shi yana kuka yana dariya, ya sumbaci hannuna, ya ce a ranar zai kama motar Mandalay. Yaro mai kirki! Kin aure shi dai ko? 'Ya'yanku nawa yanzu?"

Yamin ta miƙe tsaye.

Daga can ciki wata daga cikin matan ta ƙwala kira.

"Jagora! Ina takalmanmu? Saura uku fa, rana tana yi!"

Ta kai su ukun. Sun gama da sauran minti ashirin kafin tsakar rana, suna ta murna suna rungume juna. Ɗaya ta tambaye ta ita me ta roƙa, ta ce ta manta ba ta roƙi komai ba.

*

Da ta sauke su a masauki ba ta nufi gidan gwaggonta ba. Me za ta ce mata? Gindin tsamiya ta nufa.

Yana nan. Ya yi ƙiba kaɗan, yana ɗingisa ƙafar dama, yana zuba wa wani sabon doki ruwa a bokiti. Da ya gan ta bokitin ya karkace ruwan ya zuba a ƙasa.

"Yamin."

"Maung..."

Ya kawar da kai.

"Kada ki kira ni haka. Mutane suna ji."

"Daga wurin Daw Sein Pu nake."

Ya shafa goshin dokin.

"Ashe dai kin tsallaka."

"Abin da ka zo faɗa min ke nan a Mandalay?"

"Shi ne."

"Ban yi aure ba! Ƙarya na sa aka yi maka. Har yau ban yi ba... Warin dokin ma ƙarya ne, duk ƙarya ne, tsoro na ji kada ka mutu!"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Dattijon nan bai iya ƙarya ba, idonsa a ƙasa ya faɗa. Kuma na ga inuwarki a bayan labule."

Kuka ya ƙwace mata.

"To me ya sa ka tafi? Me ya sa ba ka ɗaga murya ka faɗa daga titi ba? Da na ji! Da na sauko da gudu!"

"Na yi niyya." Ya ajiye bokitin gefe. "Har na cika ƙirji da iska. Sai na tambayi kaina, da tsohuwar nan ta ce yamma ne fa? Ni da zuwa zan yi duk da haka. Ke kuma ko matakalar bene ba ki iya saukowa ba."

"Don ina son ka ne..."

"Na sani. Shi ya sa ya fi ciwo."

"Amma ka san ƙarya suka yi! Ka sani, kuma ka aure ta?"

"Na sani. Ita ma ta san na sani, na faɗa mata tun kafin biki. Ta yi kuka ta nemi gafara." Ya dube ta ido cikin ido a karon farko. "Wata shida tana wanke min ciwo, tana ɗauke min fo. Na zauna na auna, Yamin. Ita ƙarya ta yi don ta same ni. Ke ƙarya kika karɓa hannu biyu kika sake ni."

Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifin, gwaggo, Marlar, uwarsa, mai balan-balan, duk ta ga hannunta ya fi nasu tsawo a ciki.

"Kana jin daɗi?" ta tambaya da ƙyar.

"Ina ci, ina barci. Ba ta rage ni da komai ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da zan iya faɗa miki."

Ƙarar babur ta katse su. Marlar ce a bayan wata maƙwabciya, riƙe da jerin kwanukan abinci, cikinta ya fito sosai har tana dafa baya wurin sauka. Da ta ga Yamin sai ta tsaya cak, fuskarta ta yi fari a ƙarƙashin thanaka. Idonta ya tafi kan mijinta, ya dawo kan Yamin.

"Yaya... yaushe a gari?"

Yamin ta daɗe tana kallonta. Duk maganganun da ta tanada tun daga ƙetaren kogi suna bakinta, masu zafi, kuma kowace gaskiya ce. Sai ta ga yadda yarinyar ta rungume kwanukan a kan cikin.

Ta share fuska da bayan hannu.

"Yau na zo, gobe zan koma. Wata nawa?"

"Takwas..."

"A sauka lafiya. Ki gaida Gwaggo."

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta juya wurin Sithu, ta ƙaƙalo murmushi.

"Ranar da za ta haihu, ka ɗaura agogo a hannunka. Ka rubuta da kanka."

Ya yi dariya, irin tasa ta da, har haƙoransa suka fito. A tsakiya dariyar ta karye. Ya juya da sauri ya kifa fuska a wuyan dokin, kafaɗunsa suna rawa.

Yamin ta bi 'yar hanyar rairayi tsakanin gonakin riɗi, ba ta tsaya ba sai da ta kai wata ƙaramar hasumiya da ba a kai baƙi. Ta cire takalmi, ta shiga, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai sauti har muryarta ta dushe.

Da ƙarfe huɗu ta wanke fuska a randar bakin hanya, ta koma masauki, don ta yi wa matan Yangon alkawarin kai su kallon faɗuwar rana.